Shi Ya Raba Ni da Sigari, Ni Na Yi Masa Shaidar Zur

Assalamu alaikum admin, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don girman Allah ka saka min wannan a guruf amma ka ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a ciki, sunayen da zan kira ma duk na canza su. Jama'a maza da mata ina gaishe ku. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki, ba ni da wanda zan gaya wa baki da baki, domin mutumin da na saba kai wa kukana shi ne maganar take kansa.

Ni ɗan Gombe ne, a Jekadafari aka haife ni kuma a nan nake zaune, sana'ata wankin hula, mata ɗaya 'ya'ya huɗu. Sigari kuwa tun gemu bai fito ba na fara ta, da guntun da wani ya rage min a bayan makaranta, har na haura arba'in tana hannuna. Ni ba irin masu kara ɗaya bayan abinci ba ne, a'a, ni irin wanda in ya farka kafin ya nemi buta sai ya lalubi ashana. Da azumi ana kiran magariba mutane na rububin dabino ni ina rububin bayan shago. Leɓena ya yi baƙi ƙirin, yatsuna biyu sun rine kamar na mai lalle, tari kuwa in na fara da asuba maƙwabta sun san na tashi. Kwastomomi nawa suka gudu ban san dalili ba, sai da wani Alhaji ya gaya min a fuskata, wai ya kawo hularsa zanna a wanke masa an mayar masa da ita tana warin tashar mota. Matata tun tana magana har ta gaji, ta koma in na shigo ɗaki sai kawai ta tashi ta sa turaren wuta, ba ta cewa uffan, wallahi wannan shirun ya fi min zagi ciwo, amma duk da haka ban daina ba.

Wanda Allah ya yi sanadin rabuwata da ita wani bawan Allah ne, bari in kira shi Hamma Buba, Hamma muke ce masa don ya girme mu duka. Bafulatani ne, bakaniken babur, garejinsa yana kallon shagona, titi ne kawai tsakaninmu. A shan sigari shi ne ogan kowa, da wutar wannan karan yake kunna na gaba, yana kwance inji tana maƙale a gefen bakinsa. Abin da ya sa ya daina, Innarsa ce ta kwanta ciwon ajali, ya je ya zauna kusa da ita zai riƙe mata hannu, ta ce masa Buba ɗan matsa baya, warinka yana shaƙe ni. Ya matsa, ya zauna a bakin ƙofa, kuma daga bakin ƙofar nan ya yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku ya ɗauki kwalin da ke aljihunsa ya jefa a kwata, bai sake ba. Mu da muka san shi dariya muka yi, muka ce a ba shi sati. Sati ya wuce, wata ya wuce, shekara ta zagayo, mutum sai ƙara haske yake, ya yi kumatu, har ƙwallo ya koma bugawa da samari ranar Lahadi.

Daga nan ya sa mu a gaba. Akwai benci a ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar shagona, nan muke zama bayan la'asar, da can majalisar hayaƙi ce, shi ya mayar da ita majalisar masu dainawa. Ni ne na farko da ya kama, sai Yakubu mai walda, Kirista ne ɗan Tangale, sai Sani mai Napep wanda shi ne ƙaraminmu kuma ya fi kowa zafin kai, daga baya wasu suka yi ta shigowa. Jama'a wanda bai taɓa sha ba ba zai gane wahalar makonnin farko ba. Kaina kamar zai tsage, kowa ya yi min magana faɗa, na taɓa jifan kwastoma da burushi a kan ya ce sitaci bai kama ba. Hamma Buba yana gani daga gareji sai ya ajiye sifana ya tsallako, ya zuba min kanumfari a tafin hannu ya ce tauna, ya ja ni mu zaga layi mu dawo, yana ba ni labarin banza da wofi har abin ya sake ni. Ya san lokacin da sha'awar ta fi ciyo ni, bayan cin abinci, don haka ina ajiye cokali zan ji wayarsa, ya ce ƙanena ka ƙoshi, to tashi ka yi aswaki. Sau biyu ina komawa, bai taɓa zagina ba, sai dai ya ce wanda ya faɗi a kan hanya ai ba ya kwana a wurin.

Babbar matsalar da ya sha fama da ita a kanmu ita ce maganar nan da ake yi a gari, na san wasunku sun taɓa ji, wai wanda ya daɗe yana sha in ya yanke ciwo ne zai taso masa, wai jiki ya saba, hayaƙin ne ke danne cutar. A unguwarmu har da misali ake kafawa, wani dattijo mai sayar da katako da ya daina bayan ya dawo aikin Hajji, bai daɗe ba ya rasu, shi kenan aka ce dainawar ce ta kashe shi. Duk wanda zai shigo majalisarmu sai ya kawo wannan zancen, Sani ma har kuka ya taɓa yi mana lokacin da ya fara fitar da majina baƙa, wai ga shi nan cutar ta fara. Amsar Hamma Buba ɗaya ce kullum, ya miƙe ya bugi ƙirji ya ce ku dube ni, wa ya kai ni sha a cikinku, na mutu? Wallahi ba wa'azi ba ne ya riƙe mu, ba hoton huhun da ke jikin kwali ba ne, ƙirjin nan da yake bugawa ne.

Kuma Allah ya taimake mu mun ga canji. Tarin asuba ya tafi, ina hawa tudu da buhun huluna ba na haki, na ji ɗanɗanon miyar kukar matata har na tambaye ta ko ta canza daddawa, ta yi dariya ta ce daddawar nan ce tun aurenmu, bakinka ne ya dawo. 'Yar autata da take gudun jikina ta koma barci a ƙirjina. Yakubu ya koma waƙa a cocinsu, matarsa ta dafo mana shinkafa da kaza ta kawo har benci tana godiya. Yaron Sani da kullum ƙirjinsa ke toshewa ya samu sauƙi. Ni kuma abin da ya fi dawo min shi ne hanci. Har abin ya zama abin tsokana, in aka kawo hula ina ɗagawa zan gaya maka mai ita yana sha ko ba ya sha, wane man gashi yake shafawa, ko a kusa da masu suya yake zama.

A kan wannan hancin nawa Hamma Buba ya kafa mana wata doka da muke kira hura. Duk wanda ya iso majalisa, bayan an gaisa, sai ya matso ya hura min baki a fuska, ni kuma in yanke hukunci, ko in ce babu ko in ce akwai. Minti ko goro ko citta ba sa ɓoye min komai. Har suna suka sa min, Kwastan. Dokar ita ce, wanda ya zame ya zo ya faɗa da bakinsa kafin ya hura, ba komai, zai sayi shayin kowa a yi masa addu'a a ci gaba. Amma wanda ya ɓoye har sai da hancina ya kama shi, to ya tashi daga bencin, ba ya dawowa sai ranar da ya shirya faɗin gaskiya. Hamma Buba da kansa ya ce sigari ana yafe ta, munafunci ne ba a yafewa. Shi ne kuma kullum yake fara hurawa, har da buɗe baki haaa kamar yaro a gaban likita, ana ta dariya.

To bayan babbar sallar da ta wuce sai na ga mutumin ya fara canzawa. Ya fara sa takunkumi, ya ce mura ce, kada ya shafa mana. Mura ta ƙi ƙarewa. In an zo hura sai ya ce Kwastan yau a yi min afuwa, ko ya iso a makare, ko ya tsaya daga nesa yana waya. Ya daina cin gyaɗa da rake da muke ci a benci, ya rame, maganarsa ta fara nauyi kamar mai abu a baki, ga kanumfari yana ta tusawa ta ƙarƙashin takunkumin. Mutane suka fara kallon juna. Ni ma na zarge shi, Allah ya yafe min. Sai ranar da ya tsallako karɓar hularsa, ya sunkuyo zai ɗauka, iska ta kaɗo min numfashinsa. Jama'a ba warin sigari ba ne. Wari ne na ɗanyen ciwo, irin na gyambon da ya daɗe a rufe.

Washegari da rana na bi shi cikin gareji inda yake ajiye kayan gyara, na ce masa Hamma ni ba yaro ba ne, ka gaya min abin da ke bakinka. Ya yi ta kewaye-kewaye, da ya ga ba zan fita ba ya tura ƙofa, ya sauke takunkumin ya ce haska. Na haska da fitilar waya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, gefen harshensa ne ya rarake, bakin ciwon ya yi tauri ya yi fari-fari, ya kama hannuna ya ɗora a wuyansa ƙarƙashin muƙamuƙi na ji ƙullutu kamar goriba. Ya ce ya daɗe, tun yana ɗan ƙurji yana zaton haƙori ne ke gurzarsa. Ya je kemis an ba shi magani bai ji ba, mai kemis ɗin ya ce ya je ya ga likita, ya saci jiki ya je wani ƙaramin asibiti can wajen Barunde inda ba a san shi ba. Likitan ya ce ba ya son kamannin abin, ya tura shi babban asibiti a yanki kaɗan a yi gwaji, ya kuma kira masa sunan ciwon da kowa ke tsoro, ciwon daji. Ya gaya masa in ma shi ne to aikin shekarun da ya yi yana sha ne, ba dainawa ce ta kawo shi ba, dainawar ma gata ya yi wa kansa, kuma kada ya yi jinkiri. Hamma Buba ya ce to, ya fito, bai je ba. Wani garin magani yake karɓowa a wajen mai maganin gargajiya yana kurkurawa.

Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce masa ya tashi yanzu in goya shi a babur mu tafi, ya ce in ya taka babban asibiti da safe kafin azahar an yi masa ya jiki a kasuwa, Gombe ce, kuma Sani kullum a layin asibitin yake lodi. Na ce to a sani mana, ciwo abin kunya ne? Ya ce ba kunya yake ji ba, in tuna da me ya riƙe mutanen nan, da ƙirjinsa ya riƙe su, ranar da aka ji wanda ya fara dainawa ya kamu da ciwon daji, ba wanda zai tsaya jin bayanin likita, za a ce ga na biyu bayan mai katako, kuma kafin sati mai tireda zai ga kwastomominsa sun dawo. Na ce masa wannan shirme ne, ransa ya fi benci. Ya ce shi ya riga ya ci zamaninsa, su Sani ne ke da ƙananan yara. Ni dai a raina na san ba wannan kaɗai ba ne, akwai tsoro, domin a cikin maganar ya suɓuce ya ce ya ji ana yanke wa mutum harshe, shi kuwa gara a binne shi da abinsa ya yi kalmar shahada da shi. Da ya ga na dage sai ya riƙe hannuna ya ce ya ba ni amana, in na gaya wa wani mahaluki, ko matarsa, Allah ya isa, bai yafe min ba duniya da lahira, kuma ranar da ya ji maganar ta fita zai tattara ya tafi rugar danginsu can cikin daji inda ko sabis babu, ba mai sake ganinsa. Na san halinsa, in ya faɗa sai ya yi.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Majalisa ta matsa, Sani ya ce ba wanda ya fi ƙarfin doka, ko Hamma ya hura ko kowa ya daina hurawa. Sai Hamma Buba ya kira ni ya ce gobe zai zo ya hura, yana so in ce akwai. Na ce masa ya kashe ni ya fi. Ya ce in saurara, in suka ɗauka ya koma sha za su ji haushinsa, haushin kuma zai riƙe su, kowa zai so ya nuna ya fi shi, amma in suka san gaskiya tsoro ne zai kama su, tsoro kuma shi ke kai hannu aljihu. Ya ce ya san su, shi ya raine su. Ya ce in ina ganin ya taɓa yi min wani alheri a duniya to yau yake neman sakayya. Jama'a me zan ce wa mutumin da ya ajiye aikinsa ya yi ta zagaya layi da ni ina zaginsa?

Ya zo bayan la'asar, benci ya cika. Ya juya musu baya, ya sauke takunkumin ya hura min, warin nan ya dake ni, idonsa cikin nawa. Na buɗe bakina na ce akwai. Wallahi tallahi har yanzu ina jin kalmar a kunnena. Yakubu ya dafe kai, babban mutum da 'ya'ya, hawaye ya zubo masa, yana cewa Hamma me ya sa ba ka faɗa mana ba, ai shayi kawai za ka saya. Sani kuwa ba irin abin da bai faɗa ba, munafuki, mayaudari, mai wa'azi da rana sha da dare, ya ce dama ramar nan Allah ne ke tona masa asiri. Hamma Buba ya mayar da takunkuminsa, ya ce doka doka ce, ya tsallaka titi ya koma gareji.

Abin da ya fi ci min rai, lissafinsa ya fita daidai. Ba wanda ya koma. Majalisa ma sai ƙara ƙarfi ta yi, kowa na cewa mu ba irin Buba ba ne, har sababbi sun shigo, samari daga unguwar Shamaki suna zuwa a kan babur. Sunansa ya zama abin misali, in wani ya makara sai a ce ko ka bi hanyar Hamma ne, a kwashe da dariya, ni ina zaune ina goga hula kaina a ƙasa. In yana wucewa wasu ko sallamarsa ba sa amsawa da kyau. Yanzu ma ya daina fitowa, garejin a rufe yake, an ce kunya ce ta hana shi.

Maganar ta kai kunnen matarsa, Adda muke ce mata, mace mai haƙuri. Ita abin da ya gaya mata ciwon haƙori ne, ya ƙaura ɗakin zaure wai don kada ya dame ta da nishi, ba ya bari ta matso kusa, in ta kawo tuwo ya ce a ba shi kunu. Da ta ji labarin majalisa sai ta haɗa biyu da biyu, ta ɗauka don ya samu wurin sha ne ya ƙaura zaure. Sun yi rigima, ta tuna masa Innarsa, ta ce ya ci amanar mamaciya, shi kuma ya bar ta a haka. Ta zo har gidana, a gaban matata ta ce min Kwastan kai ne hancin, na haɗa ka da Allah da gaske ka ji? Na rasa inda zan sa kaina, na ce mata Adda ki dai matsa masa ya je asibiti, ramar nan ba ta lafiya ba ce. Ta ce ai ta yi ta yi ya ƙi, kuma wanda ya zaɓi taba a kan iyalinsa ita ta gaji. Ta tafi tana share hawaye da gefen hijabi, ban bi ta ba.

Na tambayi wani malami a kaikaice ban kira suna ba, ya ce amanar da za ta kai ga halakar rai ba a riƙe ta, kuma wanda ya ɓata sunan ɗan'uwansa da ƙarya sai ya gyara a inda ya ɓata. Na ji, na kuma yarda. Amma malam bai san Hamma Buba ba, in na faɗa ya gudu ruga fa, ga shi ba asibitin, ga shi ba iyalinsa a kusa, ga Allah ya isa a kaina? In kuma majalisa ta watse, Sani ya koma, yaronsa ya koma shaƙar hayaƙi, ciwon da mutumin nan ya haɗiye da zagin da ya sha sun tashi a banza kenan. Kuma in na ce musu hancina ya yi ƙarya sau ɗaya, wa zai sake hura min ya yarda? Rana zafi inuwa ƙuna, ba na barci, ba na cin abinci, matata ta fara tambayata ko wani abu na yi.

Ba zan ɓoye muku ba, makon jiya sha'awar ta dawo min da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Na tsinci kaina a gaban mai tireda, har na ce ba ni, ya miƙo, na riƙe karan a hannuna. Ban san lokacin da na ciro waya na kira lambar da na saba kira ba. Ya ɗauka. Da harshen nan da ba ya juyuwa, kalma ɗaya sai ya huta, yake ce min ƙanena ajiye, taka zuwa masallaci ka dawo, ina kan layi. Ina tafiya ina jin numfashinsa a waya, ina kuka a titi kamar ƙaramin yaro mutane na kallona. Na ajiye ban sha ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Majalisa ta shirya 'yar walima ranar Asabar ɗin nan bayan la'asar, ta murnar waɗanda suka cika shekara da dainawa, an gayyato samarin unguwa masu sha, har mai unguwa ya ce zai leƙo. Sun zaɓe ni ciyaman a madadinsa, kuma sun ce ni zan yi jawabi, in ba da labarin Hamma Buba daga farko har ƙarshe don ya zama izina, tunda ni na kama shi. Jiya na je na same shi a zaure, ya zama kamar ba shi ba, kunun ma sai ya karkatar da kai gefe guda yake iya haɗiyewa, ƙullutun ya fito ana gani daga nesa. Na gaya masa zancen walimar, ina tsammanin zai ce ya isa haka. Sai na ga idonsa ya yi haske, ya tambaye ni samari nawa za su zo, na ce da yawa. Ya jawo hannuna ya ce, da ƙyar nake gane maganar, ƙanena in ka tashi kada ka tausaya min, ka zage ni da kyau yadda zai shiga kunnensu.

'Yan uwa don Allah ku gaya min yadda zan yi. In fara zuwa wajen Adda in gaya mata, mu nemo 'yan uwansa a ɗauke shi ko da ƙarfi ne kafin ya samu labari? In akwai ma'aikatan lafiya a nan ku faɗa min gaskiya, wanda ya kai wannan matakin akwai sauran abin da za a yi masa, kuma da wane baki zan fahimtar da mutanenmu cewa ba dainawa ce ta jawo masa ba? Malamai, Allah ya isan da ya yi min tana kama ni in na faɗa don in ceci ransa? Ko in riƙe masa amanarsa in bar shi ya tafi yadda ya zaɓa, matarsa na fushi da shi, abokansa na kiransa munafuki? Duk wanda zai zage ni ya zage ni na cancanta, amma ya haɗa da shawara, zan bi kwament ɗaya bayan ɗaya. Ku taimake ni kafin Asabar, domin ranar dole in miƙe a gaban mutane in buɗe baki, kuma garejinsa da gidansa duk a tsallaken titi suke, duk abin da na faɗa a lasifika yana kwance a zaure zai ji.